Jarkar da Ba Ta da Suna a Siton Makaranta

'Yan'uwa malamai da iyalanmu, duk wanda ya zauna a ƙaramar hukumar Wamakko ya san Kalambaina. A 1962 aka kafa kamfanin siminti na Arewa a wurin, saboda dutsen farar ƙasa da ke shimfiɗe ƙarƙashin yankin. Ya fara fitar da siminti a 1967, yau kuma yana hannun BUA. Da wuya a sami makarantar firamare tsakanin Arkilla da Gumbi wadda babu ɗan direban tirela, ko ɗan mai dako, ko ɗan mai buga bulo a cikinta. Shi ya sa da zarar an ambaci haɗarin sinadarai a wurin aiki, hankali can yake tafiya, ga bututun hayaƙi, ga hular kwano, ga takunkumi. Akan ɗauka magana ce ta ma'aikacin masana'anta, shi kuwa malamin firamare abin da ya fi kusa da guba a aikinsa ƙurar alli ce.

Ma'aikacin masana'anta yana da doka a bayansa. Dokar Masana'antu ta 1987 ta wajabta yi wa masana'anta rajista, ta ba sufetocin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya ikon shiga su duba, ta ce a kare ma'aikaci daga ƙura da hayaƙi mai cutarwa, a ba shi kayan kariya, a kai rahoto in haɗari ya auku. Ko ana bin ta sau da ƙafa a faɗin ƙasar nan, wannan zance ne na wata rana. Aƙalla akwai takardar da mutum zai ɗaga ya ce ga haƙƙina. Makarantar firamare ba ta shiga ma'anar masana'anta a wannan doka ba. Jami'in da ke zuwa duba mu yana neman rajistar ɗalibai, da tsarin darasi, da littafin sa hannu. Ba ya cikin aikinsa ya ce a buɗe masa sito.

To, bari mu buɗe shi da kanmu. A yawancin makarantunmu sito ɗaki ɗaya ne, wani lokaci ma kusurwar ofishin shugaban makaranta ce. A nan ake tara littattafai da alli, a nan ake jingine tsintsiya da bokiti. A nan kuma za a tarar da ragowar fenti daga gyaran bara, da galan ɗin fetur na janareta, da Hypo da Izal na wanke makewayi, da ƙullin shinkafar ɓera da aka sayo don kada ɓeraye su cinye rajista, da maganin gara, da maganin ciyawa da ake fesa wa fili farkon damina. Inda makaranta ke da gona, akwai buhun taki. Inda ake dafa wa yara abinci, buhun wake da jarkar mai suna jingine a bango ɗaya da waɗannan kaya. Kuma kusan ko'ina akwai wata jarka ko gorar ruwa da aka ɗura wa wani abu, babu rubutu a jikinta, wanda ya ɗura kuwa an yi masa canjin wurin aiki tun shekara biyu da suka wuce. Makullin ɗakin yana hannun monita.

Ra'ayinmu shi ne makaranta wurin aiki ce mai ɗauke da sinadarai masu kisa, kuma ya kamata reshenmu ya ɗauki wannan al'amari a matsayin haƙƙin ma'aikaci, ya ajiye shi a teburi ɗaya da albashi da ƙarin girma. Barin sa ga hankalin kowane shugaban makaranta shi kaɗai rashin adalci ne ga yara, rashin adalci ne kuma ga shi shugaban.

Mu fara da wanda kowa ya sani. Sniper, da mafi yawan fiya-fiyar da ake ɗurawa a ƙananan kwalabe a kasuwa, asalinsu ɗaya ne, wato sinadarin diklobos, ɗan gidan magungunan ƙwari masu kama jijiya. Yadda yake kashe sauro haka yake kama mutum. A jiki akwai wani abu da aikinsa shi ne ya tsayar da saƙon jijiya da zarar saƙon ya isa. Wannan magani shi yake toshewa, sai saƙo ya yi ta zuwa ba ƙaƙƙautawa. Yawu ya dalalo, gumi ya keto, ƙwayar ido ta tsuke, ciki ya murɗa, ƙirji ya cika da majina har numfashi ya gagara. Ba sai an sha ba, domin yana ratsa fata, yana shiga ta hanci. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Nijeriya saboda yawan wannan sinadari a cikinsa. A 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalabensa a kasuwanni da kantuna, ta ce kayan gona ne, bai dace da ɗakin da mutane ke zama ba. Duk da haka har gobe ana yayyafa shi a aji da ofis saboda gara da kuɗin cizo, a rufe tagogi, washegari da safe yara sittin ko fiye su shigo su zauna a ƙasa, lokacin tara su ci ƙosai da hannun da suka dafa daɓe.

Wanda yake ganin mun cika tsoro, ya saurari abin da ya faru a wata makarantar firamare irin tamu a ƙasar Indiya. Ranar 16 ga Yulin 2013, a ƙauyen Gandaman da ke gundumar Saran ta jihar Bihar, aka raba wa yara abincin rana na shirin ciyarwar gwamnati, shinkafa da miya. Kafin a tashi makaranta sun fara amai suna faɗuwa. Yara 23 suka rasu, wasu da dama suka kwanta asibiti. Binciken masana ya gano maganin ƙwari na gona mai suna monokurotofos a cikin man da aka yi girkin da shi, ɗan gida ɗaya da fiya-fiyarmu, kuma abin da aka fi zato shi ne an zuba man a mazubin da ya taɓa ɗaukar maganin. An ruwaito cewa mai girkin ta ga launin man bai yi mata ba, ta yi magana, aka ce ta ci gaba da aikinta. Ita ma ta ci, ita ma ta kwanta. A 2016 kotu ta yanke wa shugabar makarantar ɗaurin shekara 17.

Abu biyu muke so 'yan'uwa su tsaya a kansu cikin wannan labari. Na farko, wadda ta hango haɗarin ita ce mafi ƙanƙantar ma'aikaciya a wurin, kuma ba ta da ikon cewa a dakata. Na biyu, da abin ya faru, malama ce ta tafi kurkuku. Ba mu ce ba ta da laifi ba, kotu ta riga ta yi hukuncinta. Amma waɗanda suka tsara ciyar da miliyoyin yara ba tare da gina wa kowace makaranta ɗakin ajiya na kirki ba, suna gidajensu. In irin wannan ta auku a nan, Allah ya kiyaye, ba sai an yi duba ba kafin a san wanda 'yan sanda za su fara ɗauka. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Ba sai mun je Indiya ba ma. A 2008 an kwashi ɗalibai mata fiye da ɗari daga makarantar sakandaren gwamnati ta Doma a jihar Gombe zuwa asibiti bayan sun ci wake, NAFDAC kuma ta gano maganin ƙwari a cikin abincin. A watan Maris na 2021 ɗaruruwan mutane suka kwanta a asibitocin Kano, wasu suka rasu, bayan shan lemon da aka haɗa da wani gari da aka saya da sunan ɗan tsami. Da aka gwada, sai aka tarar wani sinadarin masana'antu ne dabam. Farin gari ne, ya yi kama da abin da aka sani, an raba shi da buhunsa na asali, sunansa ya ɓata a hanya.

Wannan ɓatan suna shi ne uwar matsalar. Mai sayar da maganin feshi yakan tsiyaya wa manomi rabin lita a gorar lemo domin kuɗinsa bai kai na cikakkiyar kwalba ba. Jarkar da ta ƙare kuma ba a yar da ita, domin jarka dukiya ce; a ɗauraye, a zuba mai ko ruwan sha. Mu da ke koyarwa a ƙauyukan fadamar Rima, inda ake noman shinkafa da albasa rani da damina, muna ganin irin gorunan da yara ke zuwa da ruwa a ciki. Ɗauraya ba ta fitar da maganin da ya riga ya kama jikin roba. Ga shi kuwa takardar da ke manne a kwalbar asali tana ɗauke da duk abin da ake bukata: sunan sinadarin, yadda ake sirka shi, da abin da likita zai yi in an sha. A gindin takardar maganin gona akwai zane mai launi, ja ga mafi tsananin guba, sai rawaya, sai shuɗi, sai kore. Tun 2003 Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da tsarin alamomi na bai ɗaya, hotuna tara cikin jan murabba'i mai tsaye a kan kusurwa: ƙoƙon kai da ƙasusuwa ga abin da ke kisa nan take, harshen wuta ga mai kamawa, ruwa yana ɗiga a kan hannu ga mai cin fata, mataccen kifi da busasshen itace ga mai lalata ruwa da ƙasa. Muna koya wa 'yan aji huɗu alamomin hanya alhali ba su da mota. Waɗannan alamomi kuwa suna cikin ɗakin uwar kowanensu, kuma darasi ɗaya ya isa a koyar da su.

Duk lokacin da irin wannan magana ta taso a taro, wani zai miƙe ya ce a rubuta wa hukuma ta sayo takunkumi da safar hannu. Muna girmama niyyarsa, amma ya fara daga wutsiya. Masu ilimin kare lafiyar ma'aikata sun daɗe da jera matakan, kuma kayan sawa su ne na ƙarshe. Ana farawa da tambayar ko ana bukatar abin ma tukuna. In ba a bukata, a fitar da shi. In ana bukata, a nemi wanda bai kai shi haɗari ba. In babu, a raba shi da mutane da bango da makulli da iska. Sai duk wannan ya gaza ake dogara ga abin da mutum zai sa a jikinsa, domin safa takan yage, takunkumi yakan ɓata, zafin Sakkwato na watan Afrilu kuma yakan sa mai haƙuri ya cire. Takunkumin yadi da aka saba da shi tun zamanin korona ba ya tare tururin fiya-fiya ko kaɗan. Abin da yake yi shi ne ya ba mai feshi ƙarfin halin daɗewa a cikin ɗakin.

Idan aka auna kayan sitonmu da wannan ma'auni, rabinsu ba su da dalilin kwana a makaranta. Tarko da toshe rami da share ragowar abinci sun fi shinkafar ɓera amfani a wurin da yara 'yan shekara shida ke tsintar abu a ƙasa su kai baki. Ciyawar fili fartanya ta ishe ta. Ƙwayar Phostoxin da ake jefawa cikin buhun hatsi, da ta sha danshi sai ta saki iska mai guba wadda ke ratsa tsagar ƙofa da ta bango, kuma babu maganin da ke karya ta in ta shiga jiki. Duk wanda ya roƙi aron aji lokacin hutu don ya ajiye amfanin gonarsa da wannan ƙwaya a ciki, amsarsa a'a ce, ko wane ne shi a gari. Mu kanmu da yawa manoma ne, saboda haka gargaɗin ya bi mu har gida: kada buhun da aka sa wa ƙwayar ya kwana a ɗakin da ke manne da na barci.

Akwai kuma al'adar baƙanta allo. A wasu makarantu har yanzu ana aiken yara bola su tsinto matattun batura, su fasa da dutse, su kwaɓa baƙin garin da ruwa, su shafe allo da tafin hannu. Garin nan akwai manganis a cikinsa, tare da gishirin da ke cin fata, wasu baturan ma abin da ke cikinsu yana ƙuna kamar sodar sabulu. In ya bushe, duk goge allo sai ya tashi, malamin da ke tsaye gabansa shi ne mai shaƙa na farko. Gawayi ya fi wannan sauƙi, fentin allo ya fi duka biyun, kuma gwangwani ɗaya yana wadatar da azuzuwa da dama. Wannan kaya ne da ya kamata ya zo tare da alli daga hukumar SUBEB. Haka wankin makewayi: in aka haɗa Hypo da ruwan wanke masai mai asid don a ga ya fi fita, iskar kulorin ce ke tashi, mai shaƙe maƙogwaro da ƙona huhu, a ɗan ƙaramin ɗakin da ba taga. Masu wannan aiki su ne masu shara da ɗaliban da suka makara.

Sai mu koma ga siminti. Buhun da ya fito daga masana'anta ya bar dokar masana'anta a bakin ƙofa. Inda zai sauka, a wurin mai bulo ko a harabar makarantar da ake gyara, ba mai duba shi. Jiƙaƙƙen siminti yana da kaifi irin na toka mai ƙarfi, yana cin fata sannu a hankali ba tare da zafi ya yi gargaɗi da wuri ba, sai lebura ya cire takalmi da yamma ya tarar da ƙuna. In ya faɗa ido yana iya makantarwa. Akwai kuma ɗan kuromiyam a cikinsa, wanda ke jawo ƙaiƙayi da tsagewar hannu da kan bi magini har tsufa. Ƙasashen Tarayyar Turai ba su tsaya ga raba safa ba. Tun 2005 suka ƙayyade wannan sinadari a siminti kada ya wuce kashi biyu cikin miliyan, aka rage shi tun daga masana'anta. Ga misalin farawa daga kai. Mu a nan, ɗan kwangila yakan tara buhunansa a aji guda ana karatu a na kusa, ya kwaɓa a inda yara ke wasa ba takalmi, wani lokaci ma ya nemi a ba shi manyan ɗalibai su ɗebo ruwa su miƙa kwano. In tsohon gini ne mai silin ko rufin asbestos, sai a farfashe shi da guduma a zube bayan aji. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kowane nau'in asbestos yana jawo sankara, cutar kuma takan ɓoye shekara ashirin ko talatin kafin ta bayyana. Yaron da ya yi wasa da ɓaraguzan yau zai yi tarinsa yana magidanci, ba wanda zai tuna da gyaran makaranta.

Mun ce wannan takarda ta iyalanmu ce, don haka dole mu faɗi yadda haɗarin wurin aiki ke bin mutum gida. Maƙwabtanmu na Zamfara, waɗanda jiha ɗaya muke da su har 1996, sun biya wannan darasi da tsada. A 2010 likitocin ƙungiyar MSF suka gano yara na mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da 'Yargalma, daga baya aka ga girman abin a Bagega. Maza na haƙo dutsen zinariya, ana kawo shi cikin gida ana dakawa ana niƙawa, har da turmin da ake daka hatsi. Dutsen cike yake da dalma. Yara aƙalla 400 suka rasu, dubbai suka rayu da gubar a jininsu, sai da aka kankare ƙasar tsakar gidaje aka zuba sabuwa. Yawancin waɗanda suka mutu ba su taɓa zuwa bakin rami ba. Ƙura ce ta iske su a inda suke rarrafe. A jiharmu ma, a 2024 hukumar NCDC ta sanar da wata rashin lafiya a ƙaramar hukumar Isa, mafi yawa a tsakanin yara, kuma gwajin farko ya nuna dalma da kuromiyam a jinin wasu daga cikinsu. Dalma ta shafe mu kai tsaye a matsayinmu na malamai, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadinta a jini da aka san ba ya cutarwa, kuma abin da take fara ci a jikin yaro shi ne kaifin fahimta. Yaron da ake kira daƙiƙi a aji, wani lokaci mahaifinsa mai gyaran batirin mota ne, rigar aikinsa tana rataye a ɗakin da suke kwana.

Ga 'yan'uwanmu malamai mata da matanmu masu haɗa sabulun ruwa don cike giɓin albashi, da masu koyar da shi a darasin sana'a, sodar da ake amfani da ita ta yi kama da sukari in tana gari, ta yi kama da ruwa in an jiƙa ta. Yaron da ya kurɓa sau ɗaya, maƙoshinsa yakan ƙone ya tsuke, ya shekara yana jinyar da ba ta ƙarewa sai da tiyata. Kada a jiƙa ta a kofi ko gorar ruwan sha, kada a bar ta ta kwana a ƙasa.

Mun san abin da za a ce. Za a ce malamin da ke jiran ƙarin girma shekara da shekaru, ajinsa ba kujera, rufi na yoyo, ina shi ina zancen jarka? Amsarmu ita ce wannan na cikin 'yan abubuwan da ba sa jiran kasafin kuɗi. Kwaɗo ɗaya, littafi ɗaya, alƙalamin rubutu a jikin roba ɗaya, da yini guda na aiki. Jinyar mako biyu kuwa ta isa ta cinye albashin wata uku. Za a ce kuma komai ƙaddara ce. Haka ne, amma malamanmu sun karantar da mu cewa tawakkali yana zuwa ne bayan an ɗaure raƙumi. Uzurin da ya fi nauyi shi ne na shugabannin makarantu, masu tsoron kada rubuta abin da ke sito ya zama shaida a kansu. A ganinmu akasin haka ne. Shugaban da ya rubuta cewa ranar kaza ya sanar da Sakataren Ilimi akwai magani maras suna a makarantarsa, ya nemi a ɗauke, ya riga ya mayar da nauyin inda ya dace. Wanda bai rubuta komai ba, shi kaɗai zai tsaya gaban hukuma.

Kuma ba da hannu wofi za mu je teburin tattaunawa ba. Dokar Biyan Diyya ga Ma'aikata ta 2010 ta game ma'aikatan gwamnati da na kamfanoni, ba ta tsaya ga masana'anta ba. Ta ɗora wa mai ɗaukar aiki ya zuba kashi ɗaya cikin ɗari na jimillar albashin ma'aikatansa a asusun da hukumar NSITF ke kula da shi, ba tare da an cire ko kwabo daga albashin ma'aikaci ba, domin biyan wanda ya ji rauni, ko ya kamu da cuta, ko ya rasu ta dalilin aiki. Amma tana da wa'adi: ma'aikaci ya sanar da mai aikinsa cikin kwana 14, shi kuma mai aikin ya kai rahoto cikin kwana bakwai. Malamin da maganin feshi ya bugar a ofis, ya sha madara ya kwanta a gida bai gaya wa kowa a rubuce ba, ya sa haƙƙinsa cikin haɗari. Ya kamata reshenmu ya nemi a nuna masa, a takarda, matsayin malaman firamare na wannan ƙaramar hukuma a cikin asusun. Bayan haka, Nijeriya ta amince da Yarjejeniya ta 155 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya tun 1994, wadda ta ce kada a hukunta ma'aikacin da ya janye daga aikin da yake da dalilin ganin akwai haɗari babba na nan take ga ransa ko lafiyarsa. Wannan shi ne ikon da mai girkin Gandaman ta rasa. A 2022 ƙungiyar ta sa lafiyayyen wurin aiki cikin manyan haƙƙoƙin ma'aikaci, sahu ɗaya da 'yancin kafa ƙungiya, wanda NUT ke tsaye a kansa tun 1931.

Abin da muke roƙon shugabannin reshe su kai gaban hukumar ilimi ta ƙaramar hukuma bai da yawa. A makon farko na kowane zango, wakilin ƙungiya a makaranta da shugaban makaranta da mutum ɗaya daga kwamitin SBMC su buɗe sito su rubuta duk abin da ke ciki, kwafi ɗaya ya zo ofishin reshe. Abinci da magani kada su haɗa ɗaki, makulli kuma ya bar hannun ɗalibi. In feshi ya zama dole, ma'aikatan lafiya su yi shi a farkon dogon hutu, a rubuta sunan abin da aka fesa da ranar, a wanke daɓe da benci kafin yara su dawo. Takardar kowace kwangilar gyara ta ƙunshi sharaɗin killace wurin aiki, da kwashe ɓaraguzai, da haramta sa ɗalibi aikin lebura. Kuma a amince a rubuce cewa malami ko mai girki ko mai shara da ya ce a dakata saboda wari ko launin da bai yarda da shi ba, ba za a ba shi takardar tuhuma ba.

Kafin a kai ga haka, akwai abin da ya kamata kowane malami ya riƙe a ka, domin in abu ya faru mu ne manya a wurin. A fitar da wanda abin ya shafa zuwa iska, a cire masa tufafin da maganin ya taɓa, a wanke fata da ruwa da sabulu, mai taimakon kuma ya kare hannunsa ko da da leda ce. In ido ne, a yi ta kwarara ruwa mai tsabta na aƙalla minti goma sha biyar kafin a nemi abin hawa. In sha aka yi, kada a sa shi amai, domin soda da fetur da kananzir suna ƙara ɓarna a hanyar dawowa. Manja da madara da ake ɗura wa mutum ba sa karya guba, suna cinye lokaci ne, kuma wanda hankalinsa ya fara gushewa yana iya shaƙe su. Gubar gidan fiya-fiya tana da allurar da ke karya ta a asibiti in an isa da wuri. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo yana kusa da mu, amma likita zai fi saurin aiki in an zo masa da kwalbar, don haka a ƙulle ta a leda a tafi da ita.

Ita kuwa jarkar nan maras suna, kada a shinshina, kada a ɗanɗana, kada a tuttular a kwata ko kusa da rijiya, kada a jefa a wutar bola. A ɗaure bakinta, a rubuta "guba" da manyan baƙaƙe a jikinta da boko da ajami, a kulle ta nesa da abinci, a shigar da ita littafi. Sannan shugaban makaranta ya rubuta wa Sakataren Ilimi ya turo malaman duba-gari su ɗauke ta, ya ba wakilin ƙungiya kwafin wasiƙar ya kawo taron reshe na gaba.